Yadda Muka Cika Ƙa'idojin Ba da Maganin Barin Sigari a Agege

Ni mai harhaɗa magunguna ne, kuma da lasisina ake gudanar da wani kantin magani a Agege, kusa da layin dogo, inda yawancin masu shigo mana Hausawa ne: fataken shanu da mahauta daga mayankar Oko-Oba, direbobin manyan motoci, masu gadi, 'yan canji da iyalansu. A jikin kantin akwai ƙaramin asibitin wani likita da muka daɗe muna aiki tare. Shi ne ya fara kawo maganar cewa ya gaji da gaya wa masu hawan jini da masu tari su bar sigari alhali ba shi da abin da zai miƙa musu sai nasiha, ya kuma tambaye ni ko kantin zai iya ajiye magungunan barin taba idan ya soma rubuta su. Na amsa masa cewa zai yiwu, da sharaɗin kowane kwali da zai hau kantata in iya nuna inda ya fito, da wanda ya ba da izinin ba da shi, da wanda aka ba. Cika wannan sharaɗi ya ɗauke mu watanni, kuma mafi yawan lokacin ya tafi ne a inda ba mu zata ba.

Na fara da karanta dokar taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, tare da ƙa'idojin aiwatar da ita na 2019. Dokar ta samo asali ne daga yarjejeniyar taƙaita shan taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2005, kuma sashe na 14 na yarjejeniyar ya ɗora wa ƙasashe nauyin taimaka wa masu son bari. Amma abin da dokarmu ta fi mayar da hankali a kai shi ne ita tabar kanta: ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma wajabta gargaɗin lafiya a jikin kwali. Jihar Legas ma tana da tata dokar ta hana shan taba a wuraren jama'a tun 2014, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, wadda hukumar muhalli ta LASEPA ke aiwatarwa, kuma abin da ya shafe mu a cikinta bai wuce liƙa alamar hana shan taba a kanti da ɗakin jiran asibiti ba. Maganin barin taba kuwa, ko da nikotin ne a cikinsa, wato sinadarin taba da ke sa mutum ya kamu da ita, magani ne, don haka dokokin magani ne ke hukunta shi. Wannan ya sa kayan suna ƙarƙashin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ni da kantina muna ƙarƙashin Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, wato PCN, likita yana ƙarƙashin majalisar likitoci ta MDCN, asibitinsa kuma yana ƙarƙashin HEFAMAA, hukumar da ke yi wa asibitoci rajista da sa ido a kansu a Legas.

Maganar lasisi ba ta ba mu wahala ba, domin kowannenmu yana sabunta nasa kowace shekara, na mutum daban na wuri daban, kuma duk suna rataye a bango. Abin da muka ƙara shi ne rubutacciyar yarjejeniya ta shafi ɗaya tsakanin asibiti da kanti: likita ne ke duba marar lafiya ya rubuta, kanti ne ke ajiye magani ya bayar, kuma babu wanda zai shiga aikin ɗan'uwansa.

Inda aikin ya tsaya mana shi ne samo kaya. Magungunan da muke nema sanannu ne. Akwai masu maye gurbin nikotin, wato filastar da ake mannawa a fata, da cingam, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin muhimman magunguna tun 2009, da kuma alawar tsotsa. Akwai kuma ƙwayoyi biyu da aka ƙara a jerin a 2021, varenicline da bupropion. Sai dai kasancewar magani a jerin duniya ba ya nufin za a same shi a siton dila a Legas. Binciken shan taba tsakanin manya da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na manya ne ke amfani da taba, kimanin mutum miliyan 4.5, kuma a ganina ƙalilan ne daga cikinsu suka taɓa jin cewa akwai maganin bari, don haka dila ba ya son zuba kuɗinsa a kayan da za su kwana a sito har wa'adinsu ya cika. Na bi manyan dilolin da muke hulɗa da su ɗaya bayan ɗaya, wasu suka ce ba su taɓa shigo da shi ba, wasu suka ce ya ƙare ba su san ranar dawowarsa ba.

Da labari ya bazu cewa ina nema, sai kaya suka fara zuwa mini ta hanyoyin da ban nema ba. Wani dattijo mai yawan zuwa Landan ya shigo da kwalayen filasta a leda, ya ajiye a kan kanta, ya ce: "Ɗana, ga abin da kake nema. Daga kemis ɗin Turawa na saye shi da hannuna, ka sayar, duk abin da ya samu mu raba." Na duba kwalin, ingantacce ne, wa'adinsa da saura, amma babu lambar NAFDAC a jikinsa. Na ce masa: "Baba, ban yi shakkar kyan maganin ba, amma wanda aka shigo da shi a jaka ba shi da rajista a ƙasar nan, kuma ranar da ya cutar da wani babu kamfanin da za a kama sai ni." Bai ji daɗi ba, ya kwashe kayansa. Mutane da yawa suna ɗaukar lambar rajista a matsayin ado a jikin kwali, alhali ita ce ke nuna akwai wani a Nijeriya da ya ɗauki alhakin maganin, wanda za a iya umarta ya janye shi daga kasuwa idan matsala ta ɓullo.

Ita ma lambar ba a yarda da ita da ido kawai. NAFDAC tana da kundin magungunan da ta yi wa rajista a intanet, wanda ake kira Greenbook, kuma duk kwalin da aka kawo mini sai na shigar da lambarsa na ga ko sunan magani, da ƙarfinsa, da kamfanin da ya yi shi sun dace da abin da ke rubuce a kwalin, da kuma ko rajistar tana aiki, tun da ta shekara 5 ce ake sabuntawa. A nan ne kuma nake ganin ko maganin na cikin waɗanda ake bayarwa da takardar likita kawai ne ko a'a. Wani yaro mai yawon tallan magani ya kawo mini cingam ɗin nikotin da lamba ɓaro-ɓaro a gefensa, da na shigar da ita sai ta fito da sunan wani magani daban wanda ba shi da alaƙa da taba. Na nuna masa wayar, ya yi shiru, na rubuta lambar da lambar rukunin kayan, wato wadda kamfani ke ba kayan da ya haɗa a zubi ɗaya, na kai rahoto. Game da varenicline kuwa na ƙara taka-tsantsan, saboda a 2021 kamfanin Pfizer ya janye nasa, wanda ake sayarwa da sunan Champix ko Chantix, bayan an gano wani sinadari na dangin nitrosamine ya wuce kima a cikinsa, kuma kayan da aka janye a wata ƙasa sukan iya ɓullowa a kasuwar da babu mai tambayar rasit. Shi ya sa ban leƙa Idumota ba ko sau ɗaya a wannan nema, tun kafin NAFDAC ta rufe kasuwar maganin can tare da na Onitsha da Aba a Fabrairun 2025 don binciken jabu. A ƙarshe mun samu dila mai lasisin PCN wanda ya yarda ya riƙa kawo mana kaɗan-kaɗan, da rasit mai ɗauke da lambar rukuni da ranar cikar wa'adi, kuma muka fara da abin da ya samu maimakon jiran komai ya cika.

Ba zan ɓoye abin da ke ci mini rai a nan ba. A ƙofar kantina akwai mai shayi, a gefensa mai tireda, kuma duk wanda ya miƙa canji zai karɓi kara ɗaya na sigari ba tare da an dubi shekarunsa ba, duk da dokar 2015 ta hana hakan ƙarara. Ni kuwa kafin in miƙa wa mutum abin da zai raba shi da karan nan sai na tara rasit, da lamba, da sa hannu. Ban ga laifin tsananin da ake yi mana ba, domin na san abin da jabun magani yake yi wa mutane, amma da za a yi wa mai sayar da cutar rabin tsananin da ake yi wa mai sayar da maganinta, da aikinmu ya ragu.

Ajiya ba ta buƙatar dogon bayani. Filasta da cingam ba sa son zafi, kuma an rubuta iyakar zafin da za su jure a jikin kwali. Mun sa ma'aunin zafi a kabad, muna rubuta abin da ya nuna safe da yamma a littafi, idan wuta ta ɗauke kuma a tayar da janareta saboda na'urar sanyaya ɗaki. Ƙwayoyin da ke buƙatar takardar likita suna bayan kanta inda hannun mai saye ba ya kaiwa, kuma yaran kanti sun san ba sa ba da su idan ba na nan.

Ni da likita muka zauna muka tsara takardar tambayoyi da ake cikawa kafin a rubuta komai. Tambayoyi biyu ne ke nuna nauyin kamuwa: kara nawa mutum ke sha a yini, da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka bayan farkawa kafin ya kunna na farko. Wanda ke kunnawa cikin minti 30 da tashinsa, wato tun kafin ya dawo daga sallar asuba, cingam mai miligiram 4 ne ya dace da shi maimakon mai 2, kuma wanda ke shan fiye da kara 10 a yini yakan fara da filasta mai miligiram 21, ya sauko zuwa 14, sannan 7, cikin makonni. Varenicline ana fara shi da rabin miligiram, a ɗaga sannu a hankali cikin makon farko zuwa miligiram 1 sau biyu a yini, a ci gaba har mako 12, kuma sai an duba lafiyar ƙoda domin mai ciwon ƙoda mai tsanani ana rage masa. Mace mai juna biyu ko mai shayarwa, da wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, mun yanke cewa ba na ba su komai, ko cingam ne, sai likita ya gan su.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurinmu ta shafi bupropion. Maganin yana ƙara haɗarin farfaɗiya, don haka ba a ba wanda ya taɓa yin ta, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan ya haɗu da tiramol, wanda shi ma yana iya jawo ta. Duk wanda ya zauna da direbobin dogon zango da masu aikin ƙarfi ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma babu wanda zai amsa ta da gaskiya idan aka jefa masa ita a gaban mutane. Saboda haka muka keɓe kusurwa da labule da kujeru biyu, muka kuma sauya yadda ake tambayar. Wani direban tirela da ke lodi a Apapa ya zo da takardar bupropion, a takardar tambayoyi ya ce ba ya shan komai. Da muka keɓe na ce masa: "Malam, ba tuhumarka nake yi ba. Idan tafiya ta yi nisa, jiki ya yi tsami, akwai abin da kake ɗan sha don ka samu ƙarfi?" Ya sunkuyar da kai ya ce wani lokaci yakan sha ƙwaya idan zai kwana a hanya. Na riƙe takardar, na kira likita a waya, aka soke maganin aka mayar da shi kan filasta da cingam, aka kuma buɗe masa maganar ƙwayar daban. Doka ta ba mai harhaɗa magani ikon dakatar da takardar da ya ga haɗari a cikinta ya koma wa wanda ya rubuta, kuma na rubuta dalilin dakatarwar a littafi da kwanan wata. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba: hayaƙin taba yana sa hanta ta hanzarta narkar da wasu magunguna, kamar theophylline na masu asma da olanzapine da clozapine na masu taɓin hankali, don haka idan mutum ya bar sigari ƙarfinsu kan hau a jininsa, sai an sanar da likitan da ke ba shi su.

Bayanin yadda ake amfani da magani ma yana cikin abin da ake binmu, kuma da Hausa muke yin sa tun da takardar cikin kwali da Turanci take. Cingam ɗin nikotin ba a tauna shi da sauri. Ana tauna shi a hankali har a ji yaji-yaji, sai a ajiye shi a kunci kamar yadda mai cin goro ke yi, idan yajin ya lafa a sake taunawa, kuma ba a shan kofi ko lemon kwalba minti 15 kafinsa domin suna hana nikotin shiga jiki. Filasta ana sauya mata wuri kullum, ba a yanka ta biyu don a yi tattali, wadda aka cire kuma a ninke ta a jefar inda yaro ba zai ɗauka ba, saboda sauran nikotin da ke jikinta zai iya cutar da shi. Da azumi ya gabato tambayoyi suka yi yawa, muka ce cingam da alawa a bar su sai bayan buɗa-baki, hukuncin filasta kuma kowa ya tambayi malaminsa, mu dai mun bayyana cewa ta fata take aiki, babu abin da ke bi ta maƙogwaro.

Sirri ya zo mana da nauyin da ban yi tsammani ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanan marar lafiya ba da izininsa ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. A unguwarmu akwai magidanta da ke shan sigari shekara da shekaru iyalansu ba su taɓa gani ba. Wata Hajiya ta tsaya a kanta ta tambaye ni wane magani maigidanta ke karɓa a bayan labule, na ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan daga bakinsa ya kamata ki ji." Littafin masu barin taba yana cikin kabad mai makulli, kuma ba ma tura wa kowa saƙon tunatarwa ta WhatsApp sai ya sa hannu cewa ya yarda, saƙon ma ba ya ambaton taba, ranar dawowa kawai yake faɗa.

Talla ita ma da ƙa'idarta. Tallan magani sai da amincewar NAFDAC, kuma maganin da ke buƙatar takardar likita ba a tallata shi ga jama'a. Don haka allon da muka kafa ba ya ɗauke da sunan kowane magani ko alkawarin warkewa. Abin da ke jikinsa kawai shi ne ana taimaka wa mai son barin sigari, a shigo a tambaya, da boko da ajami da Yarbanci. Matasa masu shan shisha sun yi ta tambayar ko za mu kawo sigarin lantarki, tun da sun ji a Ingila ana amfani da shi wajen bari, a Ostireliya kuma tun 2024 a kantin magani kaɗai ake sayar da shi. Na ƙi, domin jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Yulin 2024 ta ambaci masu maye gurbin nikotin, da varenicline, da bupropion, da cytisine a matsayin magungunan bari, ba ta sa shi a cikinsu ba, kuma duk wanda aka kawo mini ban ga lambar rajistar magani a jikinsa ba.

Da masu duba kantuna suka zo zagayensu, ba su yi wa waɗannan magunguna wata tambaya ta daban ba. Sun dubi lasisin bango, suka ɗauki kwalin filasta daga kanta suka ce in nuna rasit ɗinsa, suka gwada lambar rukunin da ke kwali da ta rasit, suka buɗe littafin takardun likita suka zaɓi shafi suka nemi ainihin takardar mai sa hannu da hatimi. Sun tambayi inda muke keɓe maganin da wa'adinsa ya cika kafin a miƙa shi don lalatawa, na nuna musu kwalin da aka rubuta wa alama. Na kuma nuna musu kwafin rahotannin illar magani da muka aika wa NAFDAC, ta takardarta mai ruwan ɗorawa da ta manhajar Med Safety, waɗanda yawancinsu ƙaiƙayin fata ne a wurin filasta, da shaƙuwa daga cingam, da tashin zuciya da mafarkai masu yawa.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne tsada. Kuɗin maganin mako 12 a dunƙule ya fi ƙarfin mai gadi ko mahauci, musamman tun da kayan daga waje suke zuwa kuma farashinsu yana bin dala. Mun daidaita a kan ba da na mako ɗaya-ɗaya: kowace filasta tana cikin ledarta ta asali a rufe, muna sa su a ambulan mai ɗauke da sunan magani, da ƙarfinsa, da lambar rukuni, da ranar cikar wa'adi, a rubuta haka a littafi. Wannan ya sa mutum yana dawowa kowane mako, a auna jininsa, a tambaye shi ko ya kunna kara a tsakani, idan ya kunna a duba ko ƙarfin maganin ne ya yi masa kaɗan. Ba na karɓar sabon mutum a kan ƙwaya sai na tabbatar akwai adadin da zai kai shi ƙarshen makonninsa a kabad, na ware shi da lambar katinsa, domin dila ba ya iya yi mini alkawarin ranar da kaya na gaba za su iso.